Dandamalin Hajiya da kayan aikin da suka gina shi

Bayan gidanmu kwari ne. Duk damina, musamman a watan Agusta, ruwan indararo uku yakan taru a gindin darbejiyar da ke can, ya yi kwana biyu ko uku bai tsotse ba. A gindin bishiyar nan kuwa Hajiya mahaifiyata take son zama tun da ta dawo hannuna. Ɗaki zafi yake yi mata, ga ciwon gwiwa da ya hana ta zaman tabarma, in ta zauna a ƙasa tashi sai an kama ta. Da farko dakalin siminti na yi niyyar yi. Amma duk wanda ya zauna a kan siminti a Kano cikin watan Afrilu ya san yadda yake riƙe zafi har bayan isha'i, da hunturu kuma sanyinsa ya ratsa ƙashi. Ga saiwoyin darbejiya, ko ba daɗe ko ba jima sai sun tsaga shi. Shi ya sa na tsaya a kan dandamalin katako, wanda zai ɗaga daga ƙasa, ruwa ya wuce ta ƙarƙashinsa, iska ma ta wuce.

Ni malamin makaranta ne, ba kafinta ba. Na so in yi aikin da hannuna saboda na uwata ne, kuma ina da hutun ƙarshen zango. Na yi kusan wata guda ina kallon mutanen Amurka a YouTube suna gina irin wannan a bayan gidajensu, duk abin da na ga sun ɗauka in rubuta. Kafin in ankara takardata ta cika: injin yanka iri biyu, bindigar ƙusa, injin goge katako, injin haƙa rami, ma'auni mai jan haske. Da takardar nan na tafi wurin wani dattijon kafinta a layinmu, wanda shi ya yi mana rufin gida shekarun baya. Baba muke ce masa.

Ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa ya duba, ya ninke ya miƙo min.

"Malam, wane katako za ka yi aikin da shi?"

Na ce ban yanke ba tukuna.

"To wuta fa, awa nawa kuke samu a rana?"

Na ce, "Baba, ai ka sani, layinmu ɗaya."

Ya ce, "To je ka amsa waɗannan biyun ka dawo. Katako shi ke faɗa maka irin zarton da yake so."

Tambayoyin nan biyu su suka soke fiye da rabin abin da na rubuta. Mutanen da nake kallo suna aiki ne da katako mai laushi wanda aka riga aka dafa da magani a kamfani, aka yanka shi awo ɗaya, ga wuta ba ta ɗaukewa. Ni kuwa abin da ke gabana daban ne. Unguwarmu ba ta cikin waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana lokacin da aka ƙara kuɗin lantarki a Afrilun 2024, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kunna janareta ya zama abin da ake lissafi a kansa. Sannan ga gara. A wurinmu duk katakon da zai zauna a waje kusa da ƙasa, ita ce abokiyar gabarsa ta farko, ruwa na biyu.

Muka tafi 'Yan Katako ta Na'ibawa tare da Baba cikin watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa. Nan na ga abin da ido kaɗai ba ya koya wa mutum. Yakan ɗaga katako ya ji nauyinsa, ya danna farce, ya sa ido ɗaya ya bi tsawonsa ya ga ko ya karkace. Obece da afara ya ce in manta da su, na silin da kayan ɗaki ne, a waje abincin gara ne. Malaina ma bai yarda da ita ba a wannan aiki. Ya yi ta zancen madobiya, yadda a da ake samunta, kafin a yi ta sarewa a Taraba da makwabta ana lodawa zuwa Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita fataucinsu tsakanin ƙasashe. Ya ambaci kirya da azarar giginya, waɗanda kakanninmu suka yi gini da su gara ta bar musu, amma ba a samun su a faffaɗan falanki. A ƙarshe muka tsaya a kan iroko, wanda wasu ke kira loko, ga shimfiɗar sama da gangar jikin gaba ɗaya. Yana da tsada, yana da tauri, kuma taurin nan shi ya tsara duk abin da na saya bayan haka.

Abu na farko da ya fita daga takardata shi ne injin tsaga da injin gogewa. A kasuwar akwai masu manyan injuna da ke tsaga katako su kankare shi a biya su kuɗi kaɗan a kan kowane guda. Falankin kasuwa faɗinsa inci 12 ne, tsawonsa ƙafa 12. Baba ya ce in aka shimfiɗa shi haka a waje zai lanƙwashe ya zama kamar kwale-kwale, ruwa ya riƙa kwanciya a tsakiyarsa. Muka sa aka raba kowanne gida biyu, aka goge fuska da gefe. Aikin da zai ci min makonni da hannu, ya kuma ci kuɗi mai yawa in na sayi inji, aka gama shi kafin azahar. Har girman dandamalin ma tsawon katako ne ya yanke shi: ƙafa 11 da rabi a tsawo, saboda a yanke bakin da ya tsage a kowane ƙarshe, ƙafa 10 a faɗi. Babu haɗi ko ɗaya a tsakiya.

Katakon da ke zuwa daga kudu yawanci da sauran ruwa a jikinsa. Na jera shi a zaure, na sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, na ɗora bulo a sama. Haka ya zauna har hunturu ya shigo ya busar da shi. A cikin watannin nan ne na yi ta tara kayan aiki a hankali.

Na fara da kayan awo, domin Baba ya ce su kaɗai ne ba a aro. Tef mai mita 5 wanda ke da inci a gefe ɗaya santimita a ɗayan, tunda katako da inci ake sayar da shi. Sukwaya ta ƙarfe, mai auna daidaiton kusurwa. Zaren magina. Fensir. Da filam, ma'aunin nan mai ɗigon iska a cikin ruwa. A kan filam ɗin nan na ɗauki darasin da ba zan manta ba. Na sayo shi a wani shago, dogo, fenti yana ƙyalli. Baba ya ɗora shi a kan bencinsa, muka ga ɗigon ya tsaya a tsakiya cif. Sai ya juya shi, kan da ke dama ya koma hagu, a daidai wurin da yake. Ɗigon ya gudu ya taɓa layi.

"Ka gani? Benci bai motsa ba. Filam ɗin ne maƙaryaci."

Na mayar, na tsaya a gaban mai shagon na gwada guda huɗu da wannan dabara kafin in sami wanda ya faɗi magana ɗaya ta kowane ɓangare. Da ban yi haka ba, da duk ginshiƙan da zan zuba sun gaji wannan ƙarya. Sukwaya ma haka ake gwada ta: ka jingina ta da katako mai miƙaƙƙen gefe ka ja layi, ka kifa ta ka sake ja a wuri ɗaya. In layin biyu suka rabu, ajiye ta.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a duk aikin shi ne tiyo. Farin tiyo na roba mai nuna abin da ke cikinsa, mita 10, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Shi ya maye gurbin ma'aunin nan mai jan haske da na rubuta. Ginshiƙai 9 zan zuba, layi uku-uku, kuma dole kawunansu su zo daidai a filin da ba daidai yake ba. Filam ɗin hannu ba zai kai daga wannan kusurwa zuwa waccan ba. Ruwa kuwa duk inda ka kai shi a cikin tiyo ɗaya, bakinsa biyu tsayi ɗaya suke tsayawa. Maiɗakina ce ta ba da shawarar a zuba ɗan zoɓo a ruwan don a riƙa ganinsa daga nesa. Muka cika, muka bi tsawonsa muna ƙwanƙwasawa har kumfar iska ta fita duka, domin ko ɗaya ta maƙale awon ya ɓaci. Da sassafe bayan sallar asuba, ni a wannan turke, babban ɗana a wancan, kowa ya jingina bakin tiyo da turkensa.

"Abba, yana sauka... yana sauka... ya tsaya!"

"Kada ka taɓa. Bari ya natsu. To, ja layi a daidai bakin jan."

Turaku 9 muka yi wa haka. Da muka ɗaura zare daga alama zuwa alama, sai ga kwarin da nake gani da ido ya fito fili: tsakanin kusurwar da ke kusa da katanga da wadda ke gindin bishiya akwai bambancin kusan tafin hannu biyu. Daga alamar nan na rage kaɗan a ɓangaren da nake son ruwa ya gangara, kimanin santimita 1 a kowace mita. Kusurwoyi kuma da lissafin da nake koyarwa a aji na daidaita su: ƙafa 6 a wannan zare, ƙafa 8 a wancan, in tsakaninsu ya ba da ƙafa 10 kusurwar ta miƙe. Daga nan na auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sau biyu a gicciye, har awon ya zo ɗaya.

Haƙa da zubi ba su da dogon labari. Diga, shebur, kwanon sarki da cokalin magini duk aro na yi a wurin maƙwabcina da ke gini. Siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Wani mai walda ya lanƙwasa min ƙarafa 9 masu kama da sirdi, na dasa su a kan ginshiƙan tun siminti yana ɗanye, don katako ya zauna a kan ƙarfe, kada ya taɓa ƙasa ko ya sha damshin siminti.

Zarto shi ne inda na fi daɗewa ina kai da komo. A Ƙofar Ruwa na ga wani zarton lantarki na hannu, tsohon shigowa daga waje, mai nauyi, da ganinsa ka san an yi shi don aiki. Kuɗinsa ma da sauƙi. Har na fara ciniki sai na juya shi na karanta ƙaramin allon da ke jikinsa: 120V, 60Hz. Na Amurka ne. Wutarmu bolt 230 ce. In ka jona shi kai tsaye ƙonewa zai yi, in kuma za ka saya masa taransifoma mai ɗaukar nauyinsa, arahar ta tafi. Duk mai sayen inji na hannu ya fara duba allon nan kafin ya dubi fenti.

Na koma na zauna na ƙirga yankan da ke cikin aikin. Falanki 21 na sama, kowanne a daidaita bakinsa biyu. Haƙarƙari 10 da falankin zai kwanta a kansu, na tubaifo, wato katako mai inci 2 da 4. Manyan katakai uku na tubaisis, mai inci 2 da 6, da ke goye da komai. Da matakala. Duka-duka bai kai yanka 100 ba, kuma in an shirya za a iya yinsa a yini biyu. Zarton lantarki mai faifan milimita 185 yana cin wat 1,200 zuwa 1,400, kuma lokacin tashi yana jan fiye da haka. Ƙaramin janaretan da ke gidana, wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai tayar da shi ba. Ke nan in na sayi zarto sai na nemi babban janareta. Sai na ga ba dalili. Na yi hayar zarton Baba na kwana biyu tare da yaronsa, na ari janareta mai 2.5 kVA a wurin ƙanina. Abin da na saya da kuɗina shi ne sabon faifai mai haƙora 40 masu bakin ƙarfe mai tauri. Baba ne ya ce in yi haka, domin iroko yakan zo da wani farin abu kamar dutse a cikin jijiyarsa wanda ke dakushe haƙora, kuma faifai mai haƙora 24 da ke kan injin na tsaga ne a tsawo, in aka yanka a gicciye da shi sai ya yayyage bakin katako. Na kuma sayi zarton hannu mai kyau guda ɗaya, wanda har yau yake min aiki.

A yini na farko na ga dalilin da ya sa Baba ya ƙi ba ni injin ba tare da yaronsa ba. Na ɗora falanki a kan benci biyu, na zo zan yanka a tsakaninsu. Yaron ya riƙe min hannu. Ya ce in na yanka a nan, katakon zai lotsa ya matse faifan, injin ya yi tsalle ya dawo kaina. Ya gyara, ya bar guntun da za a yar yana reto a waje yadda zai faɗi da kansa, ya ɗaure ɗaya ɓangaren da ƙarfen matsi, ya saita faifan ya leƙo kaɗan kawai a ƙasan katakon. Ya ce in tsaya a gefe, kada in tsaya a bayan injin, in kuma naɗe hannun rigata. Tun daga ranar ban sake yanka ba sai da ƙarfen matsi biyu, su ma na saye su. Tabarau na kariya da takunkumi kuwa ba ado ba ne. Ƙurar iroko tana sa atishawa da ƙaiƙayin fata, wasu har ƙirjinsu take kamawa. Na hana Hajiya da yara fitowa bayan gida har aka share.

Inji ɗaya tak na saya sabo, kuma ban yi da-na-sani ba: injin huji mai batir, mai bolt 18, da batir biyu. Yadda na kai ga wannan shawara shi ne, na gwada buga ƙusa mai inci 3 a bakin wani guntun iroko da ya bushe. Ta farko ta lanƙwashe. Ta biyu ta shiga, amma katakon ya tsage tsawon ɗan yatsa. Baba ya ce busasshen iroko ba a shigarsa sai an yi sallama, wato sai an fara huda masa rami. Na yi lissafi: falanki 21, kowanne ya ratsa haƙarƙari 10, a kowace mahaɗa noti biyu. Rami 420 ke nan, noti 420. Wannan ba aikin yini biyu ba ne da za a yi da hayar inji da ƙarar janareta a kunnen maƙwabta. Aiki ne na kullum da yamma, falanki uku yau, huɗu gobe. Mai batir shi ya dace da irin wutarmu: duk lokacin da aka kawo, ko da tsakar dare ne, in sa caji.

A kasuwa akwai Bosch da Makita ga mai hali, akwai Ingco da Total masu sauƙin kuɗi, akwai kuma waɗanda ba a san asalinsu ba da aka rubuta wa lambobi masu ban tsoro a jikin batir. Abin da na bi shi ne: in ɗaga batirin in ji nauyinsa, in tambaya ko ana samun irinsa daban in ya mutu, in kuma ɗaura tsinke in kunna in ga ko bakin yana rawa. Na ɗauki matsakaici wanda na tabbata zan sami batirinsa a Kano. Tsinken huji kuwa na sayi masu milimita 3 har guda 6, kuma 4 sun karye kafin a gama. Na sayi wani ɗan baki mai faɗaɗa saman rami don kan noti ya nutse ya yi daidai da fuskar katako, saboda Hajiya ba takalmi take takawa ba.

Notin ma zaɓe ne. Baƙaƙen nan masu araha da ake ɗaura silin da su ba na waje ba ne, tsatsa suke yi, kuma a katako mai tauri kansu yakan ɓalle. Na nemi masu rufin da ke hana tsatsa, tsawon inci 2 da rabi. Baba ya koya min in goga wa kowanne sabulu kafin in ɗaura, sai ka ji ya shige ba gardama. Inda manyan katakai suka zauna a kan sirdin ƙarfe kuwa, manyan notuna masu ratsawa na sa, na ɗaure da sifana.

Kafin ɗauri, kowane katako sai da na shafe shi da Solignum, maganin kare katako daga gara, da burushi, fuska huɗu, na fi cika wa bakin da aka yanka domin ta nan yake shan ruwa. Mutane da yawa sun ce in yi amfani da baƙin mai kawai. A ƙarƙashi wasu suna yi, amma wurin da tsohuwa za ta shimfiɗa darduma, jikoki su yi rarrafe, ban ga dacewarsa ba.

Tazarar da ke tsakanin falanki da falanki ita ma da kayan aikinta, kuma ba saya na yi ba: ƙusoshi biyu masu inci 4. Nakan tsayar da su tsakanin falankin da na ɗaure da wanda zan ɗaure, in matse, in huda, in ɗaure, in zare su in ci gaba. Na so in matse falankin sosai don ya fi kyau a ido. Baba ya ce a'a. A watan Janairu muke, katako ya bushe iyakar bushewarsa, ba zai ƙara tsukewa ba, kumbura zai yi in damina ta zo. In ban bar masa wuri ba zai ture ɗan'uwansa ya tashi sama. Falankin da ya ɗan karkace kuwa, kurfi, wato ƙarfen sassaƙa, nake cusawa a jikin haƙarƙari in banƙaro shi ya dawo layi, ɗana ya ɗaure. Daga ƙarshe na bi gefuna da samfefa na kashe kaifinsu, na yi matakala biyu gajeru, na kafa ƙarfen dafawa a gefen dama saboda gwiwar Hajiya.

Ranar da aka gama, bayan la'asar, na riƙo hannunta muka fito. Ta taka matakala ta farko, ta biyu, ta tsaya a sama ta ɗan buga ƙafa ta ji ko zai motsa. Ta zauna a kujerarta ta shafa katakon da tafin hannu.

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Damina ta zo ta same shi. A tsakiyar Agusta ruwa ya taru a ƙarƙashi kamar kullum, ita tana sama da carbinta. Tazarar da na bari ta tsuke har ƙusa ba ta shiga, amma babu falankin da ya tashi, sai guda ɗaya a gefen katanga da ya ɗan lanƙwashe yana riƙe ruwa. Da rana ta fito na ɗauko injin huji, na kwance notunansa 20, na kifa shi, na sake shafa masa magani na mayar. Tunda na buɗe wurin, na haska tocila na bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. A jikin na bakwai na ga gara ta fara gina siririyar hanyarta ta ƙasa, ta hau siminti ta kusa kai wa ga ƙarfe. Na kankare ta da kurfi, na zuba magani a gindin, na rubuta a bangon zaure cewa in sake dubawa bayan mako biyu.